Shinkafar Goggo Kulu a Taswirar Garin Likita

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, wasu ko an tuna mini sai na yi ta lalube. Amma ban taɓa mantawa da Talatar da Hajiya Shugaba ta miƙo mini almakashi, ta ce in yanke aikin Goggo Kulu daga jikin yadi ba. Tunda ku malaman ɗinki na yanzu kun matsa mini in rubuta muku wani abu na zamaninmu, to wannan zan ba ku. Na daɗe da ajiye aiki na koma hidimar gida, amma har yau in na zauna gyara rigar yaro, sai abin ya faɗo mini a rai.

A lokacin ni ce mai kula da sashen ɗinkin hannu a wata cibiyar koya wa mata sana'a da ke Badariya, cikin Birnin Kebbi. Ga wanda bai san tsarin ba: Hajiya Shugaba ce a sama, a ƙarƙashinta akwai masu kula da sassa, na keke, na saƙa, na sabulu, da namu. A sashena akwai ɗalibai, sannan akwai waɗanda muke kira manyan hannu, wato matan da suka ƙware, ake kiransu in babban aiki ya zo. Doka ce babu aikin da zai fita sai mai kula da sashe ta duba gabansa ta juya bayansa, sannan Hajiya ta sa albarka.

Babbar manyan hannunmu ita ce Goggo Kulu, mutuniyar Gulma. In aiki ya taso takan zo ta zauna wurin ɗiyarta a Badariya har a gama. Tun tana budurwa take surfani da ɗinkin zanin gado. A shekarar da nake ba ku labari yanar ido ta fara rufe mata gani, sai mun zura mata zare a allura, amma in allurar ta shiga hannunta, yatsunta sun san hanya. Ta riga ta gaya mana cewa daga aiki na gaba ta sallami allura.

Aikin ya zo ne bayan Babbar Sallah. Akwai wani likita ɗan Argungu, ɗan aminiyar Hajiya, da ke aiki a asibitin wani ƙaramin gari a tsakiyar Amurka. Sunan garin ya ƙi zama a bakinmu, don haka muka raɗa masa Garin Likita. Mutanen garin za su yi bikin tunawa da kafuwarsa, kowane gida da kowane shago zai kawo abin da za a rataye a zauren kotunsu. Likita ya ce mutanen nan sun riƙe shi da iyalinsa da mutunci, yana so ya ba su abin da hannun gida ya yi: taswirar garinsu, ɗinke a kan babban yadi. Matarsa ta zo ganin gida, ita ta kawo mana taswirar a takarda, ita kuma za ta koma da yadin. Ranar tafiyarta ita ce wa'adinmu.

Da muka shimfiɗa takardar a tebur, ɗalibai suka kwashe da dariya. Titunan duk a miƙe, sun gitta juna kamar gidan dara, babu lungu ko ɗaya.

"Wanga gari ɓarawo ba ya da inda zai laɓe," in ji Goggo.

Na ce ba zan fara ɗinka garin da ban san labarinsa ba. Sai Hajiya ta kira mana Likita a waya ta bidiyo. Mu mun idar da La'asar, shi kuwa yanzu yake karyawa. Ya ce garin hedikwatar gunduma ne, kamar yadda Argungu take ga Gulma da ƙauyukan kewaye, sai dai bai kai Argungu mutane ba ko kusa. Babban ginin da ke tsakiya, mai hasumiya da agogo, shi ne kotu. Nan ake shari'a, nan ake ajiye takardun gonaki da na aure. Duk titunan daga jikinsa suke tashi. Ya ce waɗanda suka kafa garin a bakin kogi suka fara zama, saboda jiragen ruwa ne ke ɗaukar musu masara. An yi ta jayayya da wani gari makwabcinsu kan wa zai riƙe kotun, domin inda kotu ta zauna nan kasuwa ke bi. Su suka ci, don suna tsakiyar gundumar, manomi zai iya hawa doki ya zo ya gama hidimarsa ya koma gida da rana. Daga baya jirgin ƙasa ya biyo ta kan tudu, aka gina dogayen rumbunan hatsi a gefen layin.

Goggo ta matso kusa da wayar. "Ɗana, kahin su zo, ba kowa wurin?"

"Akwai, Goggo. An tashe su. Sunan kogin ma da harshensu ne."

"Allah Sarki," ta ce, ta koma ta zauna.

Nan aka kira shi asibiti, ya yi mana sallama. Mu kuwa muka ɗauka mun ji labarin duka.

Ga yadda ake irin wannan aikin. Ana ja wa takardar layuka gida-gida, a ja wa yadin irinsu amma manya, sannan a kwashe abin da ke kowane gida da alli. In an gama zane, a ɗaure yadin a katako ya miƙe, mata su zauna kewaye da shi, kowa da ɓangarenta. Tituna na ba ɗalibai, tunda miƙaƙƙen ɗinki ne. Kogi na riƙe da kaina. Kotu da coci-cocin garin na ba Rifkatu, Kirista mutuniyar Filato da mijinta ke aiki a Birnin Kebbi, ita ma cikin manyan hannunmu take. Ita ta ce a ba ta su, ta san yadda ake yin rufinsu, ta kuma sauke wa sauran nauyin da suke jin kunyar faɗa. A gaban kotun akwai mutum-mutumin wani soja. Na gaya wa Likita mu ba ma ɗinka siffar mai rai, ya ce ba komai, muka ɗinka dakalin muka kewaye shi da furanni.

Sai ya rage wani wuri. Tsakanin ƙarshen titunan da kogi akwai fili mai faɗi, an shafa masa kore mara ƙarfi, babu gida, babu rubutu. Muka tsaya muna kallonsa.

"Mi kuke kallo?" in ji Goggo. "Fadama ta. Ba su rubuta ba don kowa ya sani."

"Goggo, kin tabbata Turawa na noma shinkafa?" in ji Rifkatu.

"Ke mutuniyar dutse, mi kika sani ga ruwa? Ku da dankali kaɗai kunka iya. Wane mahaukaci zai samu ƙasa kwance bakin gulbi ya bar ta haka nan?"

Muka yi dariya, kuma wallahi dukkanmu mun yarda. Duk wanda ya tashi a bakin gulbin Rima, in ya ga fili irin wannan, shinkafa zai gani ko idonsa a rufe. Goggo ta ce a bar mata wurin, da shi za ta yi bankwana.

Ban taɓa ganin aiki irinsa ba, kuma ban sake gani ba. Kore kala uku ta haɗa, mai duhu kusa da ruwa, yana haske yana haske har ya iso gari. Ta raba filin fangali-fangali, ta ja hanyoyin ruwa da shuɗin zare siriri. Sannan ta bi da zare ruwan zinariya tana ɗora zangarniya, kowace ta sunkuyar da kai gefe guda kamar iska na kaɗawa. Fuskarta kusan a jikin yadin take aiki, idon na zubar da ruwa, tana sharewa da gefen mayafi tana salati. Matan sauran sassa har barin aikinsu suke yi su zo kallo. Da ta sa allurar ƙarshe, ta ce Alhamdu lillahi, ta tafi Gulma sunan jikanta.

Ranar Talata muka ɗauki hoton yadin muka aika wa Likita, muna jiran yabo. Bai rubuto komai ba, sai ga kiransa. Ya yaba kotun, ya yaba tituna, sannan ya tambaya:

"Malama, wannan na bakin kogi, mene ne?"

"Shinkafa mana, Likita. Fadamarku ce."

"Inna lillahi. Laifina ne, ban ƙarasa muku labarin ba." Ya shafa fuskarsa. "Nan ne tsohon garin yake. Ko bayan da aka koma tudu, akwai unguwa guda a wurin, ta masu ƙaramin ƙarfi. Wata shekara kogin ya cika ya ci ta, da mutane a ciki. Tun daga nan ba sa gini a wurin, ba sa noma. Ciyawa ce kawai, suna yanke ta suna barin ta. Akwai tsofaffin da a nan aka haife su, kuma za su zo bikin."

Wata ɗaliba ta ce a hankali, "Ashe kufai ne."

Kufai ne, mu kuma mun shuka masa shinkafa. Mu da ƙasarmu ta san tashin gari tun daga Surame, tsohon birnin Kebbi da ya zama kufai, ba sai an yi mana bayanin nauyin abin ba.

Bayan an kashe waya Hajiya ta kira ni ofis. Ba ta yi faɗa ba, don ita ma ta ga fadamar ta yaba. Ta ce, "Malama, ba za mu kunyata yaron nan a gaban mutanen da yake zaune da su ba. Lokaci ya ƙure. Ki yanke wurin, a kai sashen keke su jona koren yadi. In an yi da kyau ba mai ganewa." Ta buɗe aljihun tebur ta miƙo mini almakashi.

Maganarta daidai ce ta fuskar aiki. Na karɓi almakashin, na je na tsaya a kan yadin, hannuna ya ƙi. Ina ganin zangarniyar nan ina ganin idon Goggo na zubar da ruwa. A ce ta dawo daga suna ta tarar an yanke aikinta na ƙarshe an jefa a kwandon ƙyalle, ba ta nan, ba a ko gaya mata ba? Na koma ofis na ce, "Hajiya, ki yi mini alfarma. Bari in kai mata Gulma gobe. In yankewar ce, a yanke tana gani."

Hajiya ta dube ni ta saman tabarau. "Ke dai tausayinki zai kashe ki. Je ki. Amma in kin dawo ba wata dabara, ni da kaina zan yanke."

Na nemi izinin maigidana, ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Da safe muka kwance yadin muka naɗe, ni da Rifkatu muka hau motar Argungu. Damina ta yi nisa, muna wuce Zauro fadama ta buɗe, kore har inda ido ya ƙare. Rifkatu ta taɓa ni ta ce, "Dubi, Malama. Ta ina za a ga laifinmu?" Na kasa dariya. Daga Argungu muka sake mota zuwa Gulma.

Mun tarar da Goggo a inuwa, an gama hidimar suna, an baza shinkafar gumi a tabarmi tana shan rana. Ta yi murna, ta sa aka kawo mana fura, ta ce wa Rifkatu, "Yau dai ki ci kihi na gaskiya, ba irin busasshen da kuke ci ba." Sai ta lura da naɗin da ke cinyata.

"Ɗiyata, mi ya hwaru? Ba a ɗauko aiki a biyo tsohuwa da shi don lahiya."

Na shimfiɗa shi a tabarma, na gaya mata duk abin da Likita ya ce. Ban ɓoye mata almakashin ba. Ina magana tana shafa fadamar da tafin hannu, daga bakin kogi zuwa gari, ta sake komowa.

"Da dare ruwan yaz zo musu ko da rana?"

"Bai faɗa ba, Goggo."

"Da yara?"

"Ya ce da mutane a ciki."

Na san shekarun baya ruwa ya taɓa cin gidansu, har suka zauna a ajin makarantar firamare kafin ya janye, amma ban taɓa jin ta ɗauko zancen ba. Can ta ce, "Ba ni reza."

Na ce, "Goggo, a'a, bari…"

"Ni nash shuka, ni za ni girbe. Ba a noma bisa inda mutane sunka rasu. Zangarniya za ta hita duka. Amma kore ba inda za shi. Ciyawa kore ta, ko a Amurka."

Sannan ta dafa kafaɗar Rifkatu ta miƙe, ta ce mu biyo ta. Ta kai mu bayan gida, wani ɗan fili a gangare da awaki ke kiwo. Da farko ban ga komai ba. Sai ta nuna da ƙafa, na ga duwatsu ƙanana a jere cikin ciyawa, sun yi layi, sun karya kwana.

"Nan tsohon gidanmu yake," ta ce. "Ranar da ruwa yaj janye, laka ce kaɗai, ba ka gane komi. Kahin a aza tubali ko ɗaya bisa tudu, maigidana, Allah Ya jiƙan shi, ya ɗauki sanda ya zana inda kowane ɗaki yake, yara na bin shi da duwatsu. Ga ɗakina. Ga na uwar miji. Kun ga nan da ba a sa dutse ba? Ƙohwa ta. Ba a rufe ƙohwa." Ta juyo ta dube ni da idon nan mai yana. "Su waɗanga mutane, wa ya zana musu nasu?"

Ranar muka dawo da ita Birnin Kebbi. A mota ta fara tsinke zangarniyar da reza, da lalube, tana tara zaren a bakin zaninta.

Da na kai wa Hajiya maganar cewa Goggo na so ta zana tsohuwar unguwar da farin zare a kan koren, Hajiya ta ce, "Zato ya kai mu inda muke. Ba za mu sake yi wa mutanen nan zato ba. Wataƙila sun bar wurin babu komai ne don ba sa son a tuna musu. Likita ya tambaye su tukuna. In sun ce a'a, ciyawa kawai za a bari." Wannan magana ta Hajiya na riƙe ta har yau.

Akwai wani shagon shayi da ke kallon kotun, nan tsofaffin manoman garin ke zama da safe, majalisarsu ke nan. Likita ya je ya same su, ya nuna musu hoton, ya gaya musu kuskuren da muka yi da abin da Goggo ta ce. Ya ce da farko sun yi dariyar shinkafar har wani ya ƙware da shayi. Da ya zo kan maganar duwatsun, dariyar ta tsaya. Wani tsoho ya jawo takardar goge hannu ya fara jan layi, wani ya ce ba haka ba ne, shagon maƙeri ne a kwana ba gidan su wane ba. Kafin a jima gardama ta kaure.

Washegari ya kira mu daga shagon. Ga su nan a waya, jajayen fuska da fararen gashi, suna ɗaga mana hannu. Sun haɗa takardu sun zana tituna uku da gidajen da suka iya tunawa. A cikinsu akwai wata tsohuwa, siririya, a keken marasa lafiya; Likita ya ce tana ƙarama ruwan ya zo, an fitar da ita, ba a fitar da mahaifiyarta ba. Ita ta nuna gidansu a takardar, na biyu daga bakin kogi.

Goggo ta karɓi wayar ta kai ta dab da hancinta. "Ɗana, gaishe ta. Ka ce mata ina yi mata ta'aziyya."

Likita ya faɗa. Tsohuwar ta ɗan yi murmushi, ta ce an daɗe ƙwarai. Goggo ta ce ta'aziyyar uwa ba ta tsufa. Sannan ta ce, "Tambaye ta, ƙohwar gidansu ina take kallo?"

Likita ya juya tambayar. Tsohuwar ta ɗaga hannu kamar mai tura ƙyaure, tana neman gefen. Sai ta ce kogi take kallo. Ta ce da yamma mahaifiyarta kan zauna a bakin ƙofar tana ɓare wake a cinya. Ta ce tunda take, ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Daga nan ta kasa ci gaba. Mu ma a namu ɓangaren kowa ta ja mayafi ta rufe fuska, har Hajiya.

Sauran tsofaffin kuwa sai kowa ya ce a rubuta tasa ƙofar. Wannan gabas, wancan tana kallon titi, wani ya ce tasu biyu ce, kada a manta ta baya.

Lokacin da ya rage mana kaɗan ne, don haka na sake raba aiki. Na zana gidajen da alli a kan koren. Ɗalibai biyu aikinsu zura zare kawai. Rifkatu ta ɗauki tituna, ni na bi bayan yadin ina gyara inda reza ta taɓa. Gidajen kuwa Goggo ta ce ba mai taɓa mata. Da farin zare ɗaya tilo ta yi su, ɗinki ƙanana a jere, ba bango ba rufi, layi kawai, kowane da ɗan gurbin da ta tsallake. Hanyoyin ruwan da ta ja wa shinkafa muka cire, amma kore kala ukun nan ya zauna daram yadda ta ɗinka shi. In ka tsaya nesa fili kake gani. Sai ka matso unguwar take fitowa.

Rifkatu ta ce, "Goggo, yanzu ai ya fi shinkafar kyau."

"Rufe mini baki. Ba abin da yaf fi shinkahwa kyau."

Ana gobe matar Likita za ta tashi na duba gaba na juya baya, ban samu ƙulli ko ɗaya a sake ba. Hajiya ta sa albarka. Muka goge shi, muka naɗe cikin farin zani, muka yi addu'a.

Bayan bikin Likita ya aiko mana bidiyo. Muka taru a sashenmu har da matan sabulu. An rataye yadin a zauren kotu, mutane sun yi layi. Suna zuwa su kalli kotun, su nemi titinsu su nuna wa yara, sannan su gangaro ƙasa su tsaya. Nan layin yake cushewa. Wasu na durƙusawa don su gani da kyau. Likita ya ce shugabannin gundumar sun yanke shawarar ba za a sauke shi bayan biki ba, nan zai zauna, kuma sun nemi a rubuta musu sunan garinmu da na matan da suka yi aikin.

Goggo ba ta iya ganin abin da ke cikin wayar. Tana zaune kusa da ni tana jan hannuna.

"Mi suke yi? Gaya mini."

"Sun taru a wurinki, Goggo. Ga tsohuwar nan an turo ta gaba. Ta sa yatsa."

"Bisa yadin?"

"E. Ga wasu ma suna taɓawa."

Sai ta share ido ta gyara zama ta ce, "To a gaya ma Likita ya ce su riƙa wanke hannu. Hwarin zare na."

Ɗakin ya fashe da dariya, muna dariya muna hawaye.

Goggo ta cika alkawarinta, ba ta sake riƙe allura ba. Ni kuwa abu biyu na ɗauka daga wannan aiki, su nake so ku riƙe. In mai aiki ya kawo muku zane kuka ga wuri babu komai, kada ku yi saurin cike shi da abin da kuka saba gani a gida, ku tambaya tukuna. Wani wurin da gangan aka bar shi. Na biyu, komai ƙurewar lokaci, kada ku sa almakashi a aikin wata ba ta nan. Ku kai mata, ku gaya mata gaskiya. Mai hannun da ya yi kuskuren sau da yawa ita ce ta fi kowa sanin yadda za a gyara.

Ban taɓa hawa jirgin sama ba, kuma ban sa rai zan ga Garin Likita da idona ba. Amma na san akwai wani zauren kotu a can bayan teku, inda aikin matan Kebbi yake rataye, kuma babu ɗinkin keke ko taƙi ɗaya a jikinsa. Allah Ya saka wa Goggo Kulu da alheri, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci mana, Ya kiyaye na bakin kogi a duk inda suke.